Abin da Na Ɓoye a Kwamfutar Abba

Barkanku da shigowa, masu bibiyata, har da baiwar Allahn da ta rubuto mini a ƙasan shafi cewa, "Auta, ki rage yanga ki karɓi bawan Allah, ba kullum ake samun injiniya ba." Na gode, 'yar uwa. Ki karanta na yau har ƙarshe. In kin gama kina nan a kan bakanki, turo lambarki in haɗa ku, ni na yafe.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu, bara na gama karatu. Tun ranar da na miƙa wa Abba takardar shaidata, Gwaggo, wato yayarsa, ta ɗauki maganar aurena a matsayin aikin da za ta ƙarasa rayuwarta a kai. Wanda ta kawo ɗan aminiyarta ne. Yana da shagon sayar da waya da caja a bakin babban titi, amma kowa Injiniya yake ce masa, shi ma kuma bai taɓa musantawa ba. Ba zan yi masa sharri ba, ba mummuna ba ne. Dogo ne, ga tsafta, takalminsa kullum kamar yanzu aka ciro shi daga kwali. Matsalarsa ɗaya ce tak: bayani. Zuwansa na farko sai da ya yi minti goma sha biyar yana koya mini yadda ake cajin waya, ina ta gyaɗa kai.

Gyaɗa kan ma umarni aka ba ni. Gwaggo ce ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ke, na san ki da shegen sanin nan naki. In yana maganar na'ura ki ja bakinki ki yi shiru, ki buɗe ido kamar yau kika fara ji. Namiji ba ya son macen da za ta gyara masa zance."

Na ce to. Wata biyu ke nan ina buɗe ido, har idon ya fara yi mini ciwo.

Yanzu bari in kai ku wajen Abba, don shi ne labarin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan waya, daga mai ware wasiƙu har ya zama shugaban ofis. Da ya ajiye aiki sai ya fara rubuta tarihin shekarun nan, yau shekara tara, shafi ɗari huɗu da wani abu. Littafin yana cikin wata baƙar kwamfuta ta ɗorawa a cinya, wadda yake naɗewa a tsohon tawul ya sa a durowar gefen gadonsa. Yayyena maza uku, babu wanda ya isa ya taɓa ta. Filash kuwa ko kusa da ita ba a kawowa, tun da wani abokinsa ya ba shi labarin yadda filash ya cinye masa hotunan jikoki. Da idonsa ya yi rauni, ni kaɗai ya yarda in riƙa buga masa. Kullum da hantsi zai zauna a kujerarsa ta roba, ya lumshe ido, ya ce, "Auta, rubuta," ya dinga faɗa har da waƙafi da aya. In ya gaji ya ce, "Kashe ki naɗe," ya shiga ya kishingiɗa. Bai taɓa dubawa ko na kashe ɗin ba. Ranar da ya fara miƙa mini ita, abu ɗaya ya ce: "Amana ce. Kada a ƙara mata komai, kada a rage."

To, na ƙara.

Ku tsaya, kada ku fara zagina tukuna. Tawa kwamfutar ta mutu bara, shayi ne ya shige ta. Ni kuma na yi rajistar wani kwas na kula da manyan kwamfutocin kamfanoni, ta intanet, bayan Abba ya ce a bari a gama maganar aure sannan a yi ta karatu. Kwas ɗin ba ya yiwuwa sai da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Sai na yanki wani ɓangare na faifan kwamfutar Abba, can ƙarshe, inda babu komai, na zuba Linux a ciki. Windows ɗinsa da littafinsa suna nan a nasu ɓangaren, ko ƙwarzane ban yi musu ba.

Idan tsari biyu suna cikin na'ura ɗaya, dole a samu wanda zai tare ka a ƙofa in ka kunna, ya tambaye ka wanne za ka shiga. A ajinmu but manaja ake ce masa. Malamarmu ce ta ba mu shawarar wani mai kyan gani, wanda ke nuna hotuna manya maimakon baƙin rubutu. Saka shi bai kai a kira shi aiki ba. Linux tana da manajan manhajoji, kamar mai kula da sito: ka rubuta masa layi ɗaya ka ce kawo mini kaza, ya ɗauko ya jera maka. Na rubuta, ya ɗauko. Sai tambaya ta fito, wai in kafa shi a ɗan ƙaramin ɓangaren da na'ura ke fara dubawa idan an kunna ta? Na danna eh. Daga ranar, duk kunnawa sai hotuna biyu su fito, na Abba a hagu, nawa a dama. Tunda ni ke kunnawa, Abba kuma idonsa a lumshe, wata bakwai muka yi lafiya lau. Da hantsi hagu, in ya kishingiɗa dama.

Jarrabawar kwas ɗin ranar Asabar ce, ƙarfe goma na safe, kuma duk abin da na shirya domin ta yana cikin ɓangaren nan nawa.

Ranar Alhamis da yamma ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Injiniya ne.

"Gimbiya, albishirinki. Na yi magana da Gwaggo, gobe bayan la'asar zan zo in yi wa kwamfutar Baba sabis kyauta. Ta ce tana nauyi."

Da hoton furen nan ja guda uku a ƙarshe. Kwanon da ke hannuna saura kaɗan ya suɓuce. Na goge hannu a zani na rubuta, "Ai Abba ba ya bari a taɓa ta."

"Ya riga ya yarda. Gwaggo ta ce masa in bai yarda da surukinsa ba, da wa zai yarda?"

Surukinsa. Ni ban ce eh ba, ban ce a'a ba, amma an riga an naɗa shi.

Na jira Abba ya fita masallaci, na ɗauko kwamfutar na shige ɗakina. Dabarata mai sauƙi ce. In cire but manajan, na'ura ta koma tsohuwar hanyarta ta faɗa Windows kai tsaye, Injiniya ya zo ya goge mata ƙura ya yi bayaninsa ya tafi, ni kuma ranar Asabar da safe in shiga ta ƙofar baya in mayar da shi. Na shiga Linux, na rubuta wa manajan manhajoji layi ɗaya: cire. Ya tambaya ko na tabbata, na ce eh. Rubutu ya zubo, a ƙarshe ya ce an cire. Har murmushi na yi wa kaina.

Malamarmu tana da wata doka da take maimaitawa har mun gaji da ji: kada ki ce kin gama aiki sai kin kashe na'ura kin sake kunnawa kin gani da idonki. Hannuna yana kan hanyar yin hakan sai na ji muryar Umma daga falo.

"Auta, tela ya aiko da rigar. Fito ki gwada yanzu, in akwai gyara a mayar masa kafin ya rufe shago."

"Ina zuwa, Umma, minti biyu."

"Minti biyun naki na sani. Fito."

Na kashe, na naɗe a tawul, na mayar durowa. Rigar kuwa ta yi kyau, in faɗi gaskiya. Doguwa ce ruwan toka, an yi mata ɗan aiki da farin zare a wuya da bakin hannu, ga mayafi mai laushi da ya dace da ita. Na tsaya gaban madubi ina juyi, Umma tana cewa kafaɗar ta ɗan sauka. Abin da ya hana ni sake kunna kwamfuta ke nan, kafaɗar riga.

Washegari tun azahar Gwaggo ta iso. Ita ta zaɓi kofunan da za a fito da su, masu zanen zinare a baki, waɗanda ni tun da aka haife ni ban ga an sha komai da su ba. Ta sa aka canza labulen falo. Ta duba ni sama da ƙasa ta ce in rage jan baki, sannan ta ce in ƙara.

Injiniya ya zo da farar riga mai dogon hannu, an goge ta har tana ɗaukar ido, da wata 'yar jaka mai zif uku. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Gwaggo, ya gaida Umma, sannan ya baje kayan aikinsa a kan teburin tsakiya: buroshi ƙarami, ƙyalle mai laushi, sukundireba huɗu, da filash mai igiya ja. Na ga idon Abba ya tsaya a kan filash ɗin, amma Gwaggo ta yi gyaran murya, sai ya kawar da kai. Da hannunsa ya warware tawul ɗin ya miƙa.

"Littafina yana ciki," in ji Abba. "Shekara tara."

"Baba, kada ka damu. Irin waɗannan nawa suka wuce ta hannuna."

Ina tsaye da faranti, butar shayi da kofuna a kai, ya danna maɓallin kunnawa. Allon ya yi haske.

Hotuna biyu suka fito, na hagu da na dama.

'Yan uwa, na shiga uku. A take na tuna abin da na manta. Manajan manhajoji abin da ke cikin sitonsa kawai yake kwashewa. Kwafin da aka kai can ɗan ƙaramin ɓangaren, da sunansa da aka rubuta a saman jerin abin da na'ura za ta fara tayarwa, waɗannan da hannu ake goge su. An rubuta wannan ɓaro-ɓaro a takardar bayaninsa. Na karanta. Kai, watan jiya ma ni na yi wa wata 'yar ajinmu bayanin hakan, har ina mata dariya.

Injiniya ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya danna nan, ya danna can. Ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma tun da na san shi wannan ne shirunsa na farko. Sannan ya jingina da kujera ya girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da yake tsoro.

"Baba, Allah ne ya kawo ni yau. Bairas ne. Babba ma kuwa."

"Bairas?" Abba ya miƙe zaune.

"Sabon samfuri. Ka ga wannan hoton na dama? Shi ne. Yana tare na'ura tun daga ƙofa. Da an ƙara sati ɗaya, da sai dai labari."

Gwaggo ta ɗaga hannu sama. "Kun gani ko? Ni dai na faɗa. Auta, zuba masa shayi mana, kin tsaya kamar an dasa ki."

Na zuba. Rabi a kofi, rabi a faranti. Ya juyo ya yi mini murmushi ya fara bayani, wai bairas kamar ƙwayar mura yake, wai mata ne suka fi kwaso shi saboda danna hotunan kaya. Na buɗe ido yadda aka koya mini. A raina kuwa ina cewa, to, bari ya goge nawa ɓangaren, jarrabawa ta tafi, asirina ya rufu, in yi kukana a banɗaki. Na yarda da wannan asarar a tsaye a wurin. Ban san ban ga komai ba.

Ya soka filash ɗin, ya sake kunnawa, ya shiga wajen da ake saka sabon Windows. Ya danna gaba, ya danna gaba, har jerin ɓangarorin faifan ya fito, guda biyar. Na san su kamar yadda na san ɗakunan gidanmu. Na uku, mafi girma, shi ne na Abba. Na biyar nawa.

"Ka gani, Baba? Har ɗakuna ya gina. Wannan babban, nan ne uwar take."

Ya kai kibiya kan na uku.

Kuna tambaya ko ban yi wa littafin kwafi ba? Na yi. Na ajiye shi a ɓangarena, a kan faifan nan dai, saboda an hana filash. Shi kuma ya riga ya ce in ya gama da uwar zai bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Da Malama ta ji inda na ajiye kwafin nan, da ta kore ni daga aji.

Ya danna gogewa. Ɗan akwatin nan ya fito yana tambaya ko ya tabbata. Na dubi Abba. Ya dafa gwiwoyinsa, yana ƙoƙarin hango allon da idon da ba ya gani sosai, fuskarsa cike da godiya. Shekara tara yana cewa waƙafi, aya. Har babin da ya yi kuka yana faɗa, na ranar da aka kawo wasiƙar rasuwar mahaifinsa ta ofishinsa, shi da kansa ya ware ta bai sani ba.

Ban san lokacin da na dire farantin ba. Na janye kwamfutar daga gabansa na rungume ta.

"Kada ka danna. Littafin Abba ne a nan."

Gwaggo ta ce, "Ke, lafiyarki?"

"Ba bairas ba ne." Na juyo allon wajensu. "But manaja ne. Na uku Windows ne, in ka goge shi komai ya tafi. Kuma ba a yin sabis da gogewa, ko tambaya ba ka yi ba ko akwai kwafi."

Na soke tambayar, na zare filash ɗin na ajiye masa kusa da buroshinsa. Na sake kunnawa, na zaɓi hagu, na buɗe littafin, na juya allon wajen Abba na karanta masa layin ƙarshe da muka tsaya. Wata biyu na buɗe ido suka tafi a minti ɗaya. Injiniya yana kallon yatsuna a kan maɓallai, bakinsa a ɗan buɗe.

Abba ya saurara har na kai aya. Sannan ya ce, a hankali, "Na daman fa?"

"Nawa ne, Abba."

"Wa ya sa shi?"

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai." Na faɗi sauran duka, kwas ɗin, jarrabawar gobe, da yadda nake jira ya kishingiɗa. Ina magana ina jiran ya yi faɗa. Da ma ya yi.

Gwaggo ta fara, "Ai ni tun farko na ce yarinyar nan..." Abba ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba. Ya miƙo hannu na ba shi kwamfutar. Ya rufe ta, ya naɗe a tawul, yana daidaita kowace kusurwa. Sai ya miƙa wa Injiniya.

"Ka tafi da ita. Ka cire mini abin da ta sa, kada ka taɓa littafina. Gobe ƙarfe takwas na safe ina son ta a nan."

"Abba," na ce, "shi ne fa yanzu ya kusa..."

"Na gani." Bai kalle ni ba. "Shi bai sani ba ne. Ke kin sani."

Ya miƙe ya shige ɗakinsa. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Injiniya ya tattara sukundirebobinsa huɗu da bai yi amfani da ko ɗaya ba. Ya rungumi kwamfutar kamar an ba shi jaririn da ba nasa ba, ya yi sallama ƙasa-ƙasa ya fita. Gwaggo ta bi ni har kicin tana lissafa mini abin da na jawo: na kunyata yaro a gaban manya, na kunyata ta a wajen aminiyarta, na ɓata sabuwar riga da shayi. Umma kuwa kofunan kawai take wankewa, ta wanke ɗaya sau uku.

Ana kiran magariba wayata ta yi ƙara. Babu fure ko ɗaya wannan karon.

"Gimbiya, don Allah wannan ya tsaya tsakaninmu. Ni waya na sani. Kwamfuta gogewa da sakawa kawai aka nuna mini."

Sai ga wani saƙon.

"Na kai wajen jerin nan, guda biyar. Duk iri ɗaya nake ganinsu. Ina tsoron littafin Baba. Ki faɗa mini lamba nawa zan goge."

Na san abin da za ku ce, ki lallaɓa shi ya jinkirta zuwa bayan jarrabawa. Zai yarda, da gudu ma. Amma wannan sirri na biyu ke nan a bayan Abba, a rana ɗaya, kuma wannan karon da Injiniya zan haɗa baki. In kuma na yi banza da shi, zai yi canke, kun kuwa ga irin canken da yake yi.

Ina zaune a bakin gado, rigar ruwan tokan tana jikina da tabon shayinta. Ta bango ina jin Abba yana jan durowar gefen gadonsa, yana mayarwa, babu komai a ciki. Wata bakwai na karatuna suna cikin lamba ɗaya, kuma duk duniya ni kaɗai na san ta.

Na rubuta "biyar". Wayar tana hannuna, yana can yana jira, ni kuma har yanzu ban tura ba.